Ba Kowace Suma Ce Mutuwa Ba



Bara, da aka rarraba mu koyon aikin koyarwa, sai aka tura ni wata makarantar firamare da ba ta da nisa da gidanmu a Gwadabawa, cikin Jimeta. Ran nan Hedimasta ya aike ni sito in ɗauko alli, sai na tarar da tsofaffin kwamfutoci guda takwas jibge a kusurwa, irin masu babban akwatin nan, ƙura ta lulluɓe su. Da na tambaya, sai ya ce, "Ai Malam, duk sun mutu. Jira muke 'yan gwangwan su zo su kwashe." Alhali kuwa a makarantar nan da alli ake zana wa yara hoton linzamin kwamfuta a allo.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu." Ya yarda. Ran Asabar na ɗauko kawuna, mai gyaran rediyo ne, ya zo da sukudireba da buroshi. Tun kafin mu taɓa kome ya ce mini, "Ɗana, likitan kirki ba ya fara da wuƙa, tambaya yake fara yi." To, ga yadda muka bi, domin amfanin 'yan'uwa.

Da fari, in an danna maɓalli ba ta ko motsa ba, sai a tuhumi wuta. A duba soket, a sake wayar wuta da wata. Guda ɗaya wannan kaɗai ne ciwonta. Sa'an nan a duba bayan akwatin. Da yawa cikin tsofaffin suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka kwamfutar da ta zo daga can, in an jona ta ba a mai da makunnin kan 230 ba, akwatin wutarta yakan ƙone nan take. Guda biyu haka aka yi musu.

Na biyu, in fanka tana juyawa amma allo ya tsaya baƙi, sai a kasa kunne. Kwamfuta takan binciki jikinta kafin ta tashi, in ta sami matsala takan yi 'yar ƙara a jere. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma sau da yawa ƙwaƙwalwar aiki ce, wadda ake kira ram, ta saki ko ƙurar hunturu ta shiga bakinta. Muka zare waya daga soket, muka taɓa ƙarfen akwatin don wutar da jikin mutum yakan tara ta fita, muka ciro ram ɗin muka goge haƙoransa da kilinar fensir, muka mayar har ya yi ƙas. Guda biyu suka farfaɗo.

Na uku, in ta tashi ta tsaya tana nuna wata tsohuwar shekara, to batirin agogonta ne ya ƙare. Ɗan kewayayye ne kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo a kasuwar Jimeta. Duk waɗanda suka tashi sai da muka sake musu shi.

Na huɗu, in ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, sai a duba wayoyin faifan ajiya. In ana jin faifan yana ƙwas-ƙwas, to shi kam ya gama yawo. Ɗaya haka muka same ta.

Na biyar, in ta tashi ta yi minti kaɗan ta mutu, zafi ne. Kowa ya san bazarar Yola, a watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan wuce 40. Muka share ƙurar da ta toshe fankar ɗaya, ta zauna lafiya. Ta ƙarshen kuwa kwandensojinta ne suka kumbura, cutar da ta addabi kwamfutoci da yawa waɗanda aka ƙera a farkon shekarun 2000. Muka cire akwatin wutarta muka sa wa ɗaya daga cikin ƙonannun nan, muka cire faifan ɗaya ƙonanniyar muka sa wa mai mataccen faifai. Ƙarshenta shida suka tashi, biyu suka zama kayan gyara. Amma fa ina jan kunne: kada kowa ya buɗe cikin akwatin wuta ko tsohon allo mai ƙeya, gama suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya.

To jama'a, ra'ayina shi ne a sa wannan ɗan sani cikin abin da ake koya mana a kwaleji. Mu ne za a tura makarantun Song da Fufore da Ganye, inda ba lalle a sami mai gyara kusa ba. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, haka kuma jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai da ke jiran mu kanmu. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, ai an cuce shi.

Na san wani zai ce tsofaffin nan nauyi gare su, kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun watan Afrilu na 2014. Gaskiya ne. Kada a shiga intanet da shi, ko kuwa a sa musu Linux mara nauyi, wanda kyauta ake samunsa. Amma koyon buga rubutu da gwajin amsa tambayoyi ba sa bukatar sabuwar na'ura. Kwamfutar kumbon Apollo 11, da ya kai mutane duniyar wata a 1969, ƙwaƙwalwar aikinta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wadda ke cikin tsofaffin nan ba. Da babu gara ba daɗi.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwaleji abu uku. A kafa ƙungiyar ɗalibai masu gyara ƙarƙashin malamin kwamfuta. A ajiye littafi kusa da kowace na'ura, a riƙa rubuta ciwonta da maganin da aka yi mata. Kada kuma a sayar da kowace kwamfuta da sunan ta mutu sai an bi matakan nan biyar.

Ranar da 'yan aji shida suka fara buga sunayensu, har aka tashi ba wanda ya nemi fita tara. Allah ya sa masu iko su duba. 

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe