Kyautar Matafiyi: Mu Koma Ga Dukawanmu

Zuwa ga Edita,

Don Allah ba ni fili in yi kira ga 'yan'uwana na Wurno, Rabah da Goronyo. In ɗanka zai bi motar albasa zuwa Legas, ko zai tafi cin rani, kar ka saya masa jakar roba mai ƙyalƙyali. Bara na saya wa ƙanena irinta, tun kafin su kai Kwantagora ta yage, kuɗin guzurinsa suka salwanta.

Haba jama'a, ga dukawa a kasuwanninmu! Lalitar fatar jar akuya ta fi kyau, ta fi ƙarko, kuma a ƙugu ake ɗaura ta. Ka haɗa masa da buta, tocila da dardumar salla. Shi ya tsira da kuɗinsa, baduku ya samu na cefane.

Naka,
Mai sayar da albasa, Goronyo.