Nama Sai Da Hatimi, Tumatir Kuwa Ba Mai Tambaya

'Yan'uwana makiyaya da fataken shanu. Yau maganata da masu lambu ce da hukuma, daga nan in dawo kanmu.

Duk wanda ya taɓa kai sa kwatar SODEPA ta Bonendale ya san doka. Likitan dabbobi zai duba shi da rai, ya duba hanta da huhu bayan yanka. In ya ga cuta ya kama naman, asara ta hau kan mai shi. In lafiya lau ne ya buga hatimi. Ba mu ƙi ba, domin ran mutum ya fi kuɗin sa. To amma tumatir da kabejin da motoci ke saukewa kullum a kasuwar Sandaga, matanmu na New Bell su saya su zuba a miya, wane hatimi ke kansu?

Ba rashin doka ba ne. Tun 2003 Kamaru ta kafa dokar kare tsirrai, wadda ta ce ba a sayar da maganin feshi sai wanda hukuma ta amince da shi. Jikin kowace kwalba kuma an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Amma ni da idona na ga mai lambu ya yi feshi da yamma, gari na wayewa ya cika kwanduna. Na ce masa, "Malam, ba ka jira ba?" Ya ce mota ba ta jira.

Mu ne farkon shan wahalar. Da rani shanun 'yan'uwanmu kan sauka fadamun Noun, wajen Foumbot, inda tumatir ɗin Duwala da yawa ke fitowa. A rafin da ake wanke injin feshi, nan garke ke sha. Wani ɗan ƙungiyarmu ya zo mini da hawaye, shanunsa sun sha ruwa kusa da wani lambu, suka kama dalala da makyarkyata, biyu ba su kwana ba. Da saniyarsa ce ta ci kabeji goma, da tuni an ɗaure ta an yanka masa tara. Shi wa ya biya shi?

Wai akwai takardar shaidar noma mai tsabta, GlobalGAP, wadda manyan kantunan Turai suka fara a 1997. Da irinta ayabar Njombe da Penja ke shiga jirgi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana waken Nijeriya shiga saboda yawan maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya. Madalla, Bature ya tsare cikinsa. Wanda ya rage a gida fa, wa ya ci? Ashe cikin talaka ba ciki ba ne?

Masu lambu za su ce in ba feshi tsutsa ta cinye gona, takardar kuma sai mai kuɗi. Gaskiya ne. Amma jiran kwanaki da binne kwalba nesa da rafi ba sa cin ko dala.

Mu ma mu ji tsoron Allah. Cikinmu akwai masu sayen maganin gona su wanke shanu da shi saboda kaska, su tatsi nono washegari a kai kasuwa. Akwai masu zuba ruwan sha a galan ɗin magani. Laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani.

Abin da muke nema ga ma'aikatar gona da ta dabbobi uku ne. A riƙa ɗibar kayan lambu a manyan kasuwanni ana aunawa. A hana wanke injin feshi a mashaya. In guba ta kashe dabba, a biya diyya kamar yadda muke biyan ɓarnar gona.

Duk wanda dabbarsa ta faɗi haka, kada ya yanka ya sayar. Ya kira likita, ya karɓi takarda, ya kawo ofishin ƙungiya. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, amin.