Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ne Ƙwannafi Ba

'Yan'uwa manoma, wannan mako na yi niyyar in yi muku zancen takin zamani da lokacin zuba shi, amma wani abu ya faru a gabana wanda ya sa na ɗage wannan sai mako mai zuwa. Ni ba likita ba ne, malamin gona ne. Abin da zan faɗa muku na tambayo shi wurin masu aikin asibiti.

Kwanan baya na je rangadi wani ƙauye, na tarar ana gayyar huɗa. Mai gonar dattijo ne, zai yi shekara 55. Hantsi bai ko ɗaga ba sai ya ajiye galma, ya zauna gindin ɗorawa ya dafe ƙirji, gumi yana keto masa, alhali kuwa garin da sanyi, don an kwana ana ruwa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ba kome, Malam, ƙwannafi ne, tuwon jiya ne bai zauna ba." Aka aiki yaro ya jiƙo masa kanwa. Na ce ko a kai shi asibiti, ya ce ina shi ina tashi ya bar mutanen da suka zo taya shi aiki? Na ji nauyinsa na yi shiru, wannan kuwa laifina ne. Sai bayan la'asar aka kai shi. Likita ya ce bugun zuciya ne. Ya rayu, amma zuciyar ta yi rauni, shi da galma yanzu sai kallo.

To, mene ne bugun zuciya? Wanda ya taɓa noman rani zai gane shi nan da nan. Ku duba hanyar da ke kai ruwa fangali. Yau da gobe laka tana taruwa a ciki, hanyar tana ƙuntata, ruwan yana raguwa. Ran da tarkace ya zo ya toshe ɗan abin da ya rage, shukar wannan fangali sai ta yi yaushi. In an buɗe da wuri ta farfaɗo, in an daɗe ta ƙone. Haka zuciya take. Tsoka ce mai aiki dare da rana, tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, tana kuwa da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Kitse yakan taru a cikinsu, sa'an nan wata rana gudan jini ya toshe hanyar. Daga wajen minti 20 zuwa 30 tsokar da ta rasa jini za ta fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta komowa.

Babbar alama ita ce ciwo a tsakiyar ƙirji. Galibi ba suka ba ce irin ta ƙaya. Nauyi ne, kamar an ɗora wa mutum buhun gero, ko kuwa kamar ana ɗaure shi da igiya ana ja. Yakan daɗe, ko ya lafa ya komo, hutawa kuma ba ta korarsa. Sau da yawa yakan bi hannun hagu, wani lokaci hannu biyu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya bi baya tsakanin kafaɗu. Tare da shi akan ga gumi mai sanyi, da ƙarancin numfashi, da tashin zuciya ko amai, da jiri. Wani ma ciwon a saman cikinsa zai ji shi, nan ne fa ake ruɗewa a ce ƙwannafi ne ko gyambon ciki. Ku tambayi kanku, yaushe ƙwannafi ya taɓa jiƙa mutum da gumi, ya sa hannunsa ya yi nauyi?

Akwai waɗanda nasu yakan zo a ɓoye: mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari. Su kam mai yiwuwa ne ƙirjin ba zai yi wani ciwon kirki ba, sai dai gajiya mai tsanani haka kawai, da haki, da tashin zuciya. In uwargida ta ce numfashinta ya ɗauke tana cikin daka, ga gumi, kada maigida ya ce raki ne.

Sau da yawa kuma ciwon yakan aiko da manzo tun da sauran kwanaki ko makonni. Mutum yana cikin huɗa, ko ya ɗauko dami, ko yana hawan tudu da keke, sai ya ji ƙirji ya ɗaure. Ya tsaya ya huta minti kaɗan, abin ya sake shi. Wannan alama ce hanyar jini ta ƙuntata. Mai jin haka ya je wurin likita, kada ya ce sai an gama girbi. In kuwa abin ya fara zuwa masa yana zaune ba ya aikin kome, to, ranar nan zai tafi.

Ga abin da za a yi in ya faru a gona. A tsai da shi daga aiki, a zaunar da shi ya jingina, a sassauta masa tufafi. Kada a bar shi ya taka zuwa gida, kada ya tuƙa babur da kansa. A nemi mota nan take, a nufi babban asibiti, inda akwai na'urar da ke zana bugawar zuciya a takarda. In akwai asfirin, a ba shi miligiram 300 ya tauna, sai fa in jikinsa ba ya karɓarta, ko yana da gyambon ciki mai zubar da jini, ko likita ya hana shi. Kanwa kuwa ba ta buɗe jijiya, ga ta kuma da gishiri mai ƙara hawan jini. In ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu biyu tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a fasa sai an sami mai taimako. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma amfaninta ya fi yawa cikin awoyin farko, bayan awa 12 kuwa saura kaɗan ne.

Na san wani zai ce, "Malam, ai wannan ciwon attajirai ne da mutanen birni." A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18, fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki. Gaskiya ne aikin gona yana motsa jini, amma ba ya wanke hawan jini, ko ciwon sukari, ko shan taba, ko gadon da mutum ya yi wurin iyaye.

Wani kuma zai ce, "In na kashe kuɗin mota, likita ya ce ƙwannafi ne fa?" Wannan magana ce, domin kuɗi a tsakiyar damina ba abin wasa ba ne. Amma ku auna. Dattijon nan ya tsimi kuɗin mota na safe, ya kuma biya su da yamma, ya ƙara da kuɗin jinya, bana kuma sai ƙodago ya ɗauka suka ƙarasa masa gonar.

Shawarata ita ce, kowace ƙungiyar manoma ta san mai mota ɗaya ko biyu da za a kira ko da tsakar dare, a kuma ware 'yan kuɗi cikin asusu domin irin wannan rana. Wanda ya wuce shekara 40 kuma, ran kasuwa ya biya ta asibitin garin a auna masa jini. In ya kai 140 bisa 90 ko ya fi, ya koma a sake aunawa, ya bi abin da aka ce masa.