Ɓeran ɗakin bincike da yaron Malumfashi

Akwai masu ilimin da ke ganin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɓera da na'urar MRI almubazzaranci ne, tunda yara na mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi duk damina. A sayi gidan sauro da magani, in ji su, a bar wa Turawa ɓerayensu. Maganar tana da daɗin ji, amma ta jahilci yadda ake gano abin da ke kashe yaran.

Ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera ba ta kai rabin giram ba, don haka na'urar asibiti ba ta fitar da ita dalla-dalla. Dabarar ita ce a ɗora ɗan zoben waya a kan kansa. Kusancin zoben yana ƙarfafa saƙon da yake kamawa, ƙanƙantarsa kuma tana rage hayaniyar sauran jiki, ko da yake ganinsa ba ya nisa. Joseph Ackerman da abokan aikinsa suka bayyana dabarar a Oxford a 1980.

A 2005, masu bincike a Marseille ta Faransa suka nuna da MRI cewa ƙwaƙwalwar ɓerayen da zazzaɓin ya kama tana kumbura. A 2015, binciken yara 168 a Blantyre ta Malawi ya sami mummunan kumburi a 21 cikin 25 da suka rasu. Kumburin yana danne cibiyar numfashi, sai yaro ya daina numfashi. Maganin da zai sauke shi kuwa, a jikin ɓera ake fara gwadawa.

Malumfashi ba baƙuwar bincike ba ce. A shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Ingila sun yi nazarin zazzaɓi, tsargiya da saran maciji a yankin, duniya ta amfana da sakamakon. Abin takaici ne jikokin waɗanda aka ɗebi jininsu su zama masu jiran amsa daga waje.

Gaskiya ne na'urar tana da tsada, tana buƙatar iskar hiliyam da wutar da ba ta yankewa. Saboda haka guda ɗaya ta isa, a Zariya, inda tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa suke, jami'o'in Arewa su yi tarayya a kanta, TETFund ta ɗauki nauyin kulawa da horar da ma'aikata. Gidan sauro yana kare yaro daga cizo. Wanda aka kawo asibiti a sume, bincike ne gatansa.