Bas ɗin lantarki na Doha: ku bar kallon fenti, ku leƙa ƙarƙashinta

Duk wanda ya ga bas-bas ɗin lantarki na Doha, abin da yake fara yabawa shi ne kujeru, gilashi da sanyin ciki. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne ƙashin motar, wato ginshiƙin da aka ɗora bodi a kai, mai ɗauke da tayoyi, injin lantarki da batir. A nan kuɗin yake, a nan ne kuma ake gane motar da za ta yi ƙarko.

Kafin gasar cin kofin duniya ta 2022, kamfanin sufuri na Mowasalat, wanda aka fi sani da Karwa, ya sayi bas 741 masu batir daga Yutong na ƙasar Sin. Ƙatar na son nan da 2030 duk bas ɗin haya na gwamnati su koma lantarki. Abin lura shi ne ba motoci kawai suka sayo ba. Sun gina musu gareji a Lusail mai ɗaukar bas 478, da farantan sola kusan 11,000, har ya shiga kundin Guinness. Bas ba ta da amfani in ba inda za ta kwana tana caji.

Sai maganar zafi, wadda ta fi shafar mu. Da rani Doha tana haura digiri 45, kamar dai Sakkwato a watan Afrilu. Ku tuna yadda wayarku take yi in kun bar ta a rana tana caji. To haka batirin bas yake, sai dai nauyinsa ya haura tan 2. Shi ya sa ake zagaya masa ruwan sanyaya, kuma ake son batir nau'in LFP, wanda ya fi jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba. Ga na'urar sanyaya fasinjoji ita ma daga batirin take ci. Don haka in dillali ya ce maka motarsa na yin kilomita kaza da caji ɗaya, tambaye shi: a wane zafi, kuma da mutum nawa a ciki?

A cikin gari na gamsu ɗari bisa ɗari. Tsaya-tashi ma riba ce, domin duk lokacin da direba ya taka birki, injin na mayar da wuta kaɗan cikin batir. Hanya gajeriya ce, dare ya yi a koma gareji. Legas ma ta gwada bas ɗin Yutong a 2023. Layi kamar Bata zuwa Kabuga a Kano zai dace sosai, musamman tun da aka cire tallafin mai.

Amma tafiya tsakanin garuruwa? Nan fa na ja birki. Kar Ƙatar ta ruɗe mu, ƙaramar ƙasa ce. Doha zuwa Al Khor wajen kilomita 50 ne. Kano zuwa Maiduguri kuwa kusan 600. A dogon titi ba a taka birki sosai, iska na turo motar, batir na zuba. Sannan ƙarƙashin doguwar bas wurin kaya ne, in batir ya cinye shi ina za a sa buhuna da Ghana-must-go? Mu da ba ma tafiya hannu rabbana. Ramukan hanya kuma ba su san tsadar batir ba.

Da ni za a tambaya, jihar da ke son irin wannan ta fara da layi ɗaya a cikin gari, da gareji mai solarsa, da makanikai da aka koya wa aiki da wuta mai ƙarfi. Kuma a rubuta a takardar ciniki shekara nawa garantin batirin yake, da wanda zai biya ranar da ya mutu.