Abincin da muke kira na yunwa

Ƴan uwa matasa, kwanan nan shafukanmu sun cika da hotunan "abincin bio": ɗanyen ganye a faranti, da nasihar a guji abin da aka fesa wa magani. Ban ƙi ba. Amma ni ɗan Ollelewa ne, cikin gundumar Tanut, kuma abin da ke ci mini rai shi ne, abin da muke yaba wa Turawa a kai, a kansa muke raina iyayenmu mata. Ganye a cikin waya sunansa lafiya, a cikin ƙwaryar ƙauye kuma sunansa talauci.

Damargu fa an san ta da gero tun zamanin ayari, lokacin da Buzayen Abzin ke gangarowa da gishiri su koma da hatsi. Tukunyarmu kuma bin shekara take yi. Da damina ta sauka, tafasa da gasaya da yaɗiya da lalo su fito ba wanda ya shuka su, a dafa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Da kaka a gasa tumu, a ci ɗanyen wake, a dama furar sabon gero da nono. Lokacin ɗari ga magarya ga aduwa. Da bazara sai a koma kan abin da aka shanya: kuɓewa, yakuwa, kuka, da daddawar batso. Yau masana na cewa gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma haɗa hatsi da wake na cika abin da jiki ke nema don ginuwa. To, iyayenmu sun daɗe da haɗa su ba tare da sun shiga lakwal ba.

Ku dubi anza. Itace ne da ke ba da ƴaƴa ko a shekarar da gero ya ƙi. Ana jiƙa ƙwayar kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. A matsalar abinci ta 2005, kafofin labarai na waje suka riƙa nuna masu cin anza a matsayin shaidar mun kai maƙura. Mu ma muka karɓi wannan kallo, har yaro ya ji kunyar a ce a gidansu ana cinta. Alhali tun ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar Eden ke aiki da manoma a Dalli, kusa da Tanut, kan irin waɗannan itatuwa, kuma a birnin Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa anzar nan yana sayarwa cikin leda.

Kada wani ya ce ina yi wa wahala kwalliya. Na san akwai gidajen da ganyen ne kaɗai a tukunya, babu wake babu mai, kuma tamowa na kwantar da yara kowace shekara. Na san zurfin rijiyoyin Damargu, na san daka da surfe a wuyan mata suke. Amma maganin wannan shi ne ruwa, da injin niƙa, da farashi mai kyau ga manomi. Makaroni da dunƙulen miya cika ciki kawai suke yi.

Maganar ta wuce kicin, wallahi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero. A cikin shekarar ce aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan 26 ga Yuli, aka rufe iyakoki, kowa ya ga yadda shinkafar waje ta yi tashin gwauron zabo. Ƙasar da abincin daren ta ke jiran jirgin ruwa ba ta gama samun ƴanci ba. A gefe guda, manomin Ollelewa na sayar da tiyar gero da araha lokacin kaka don biyan bashi, ya dawo ya saye ta da tsada kafin sabon hatsi ya nuna.

To me za mu yi, mu na birni? Mu sayi gero da wake da busasshen ganye lokacinsu, kai tsaye daga kasuwanni irin ta Bakin Birji, mu daina yi wa mata masu talla tayin wulaƙanci. Waken da za mu ajiye, a zuba shi cikin buhu mai ruɓi uku maimakon a barbaɗa masa piya-piya. Mai ɗan fili a tsakar gida ya shuka zogale da yakuwa da alayyahu, ko cikin tsohon buhu ne. Takin awaki ya ishe su, jiƙaƙƙen ƴaƴan bedi kuma na korar ƙwari. Sannan mu matsa wa hukumomin ƙananan hukumomi lamba su riƙa sayen abincin ɗaliban makarantu daga manoman yankin.

Kuma kowa ya samu tsohuwar gidansu ya tambaye ta kwana nawa ake jiƙa anza, da yadda ake daddawar batso, ya rubuta. Masu wannan sani suna ta raguwa, kuma ba su bar shi a littafi ba.