Shirin shiga ɗari: gida, mota da keke

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi zuwa Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai. Jama'a sun fi tsoron sanyin, alhali wuta da ƙura ne ke yin ɓarna.

Magidanci yakan toshe taga, ya shigo da kaskon gawayi, ya ja ƙofa. A nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci cikin rufaffen ɗaki yana fid da wata iska marar launi, marar wari, wadda ke sumar da mai barci, har ta kai shi lahira. Kamata ya yi a ɗumama ɗaki tun da almuru, a fitar da kaskon kafin kwanciya, a kashe shi nesa da zana da jinka, domin sun bushe ƙayau, tartsatsi guda ya ishe su.

Mota kuwa, matatar iskarta ce ƙura ke fara toshewa, sai inji ya rage ƙarfi, ya riƙa shan mai. A kakkaɓe ta duk mako. Tsohon batir ba ya tada mota da sanyin asuba, musamman mai gazuwal. Direbobin hanyar Yamai zuwa Damagaram su gyara fitilunsu, ranar hazo su kunna su ko da rana tsaka.

Mai keke ya rage zuba wa sarƙa mai: mai da rairayi in suka haɗu, cinye haƙoran suke yi. Ya goge ta tukuna, sannan ya ɗiga kaɗan.